Inda Tsuntsun Baba Yake Kallo

"Wa ya ce ki ƙara masa ƙafa?"

Sallamar ma a tsaitsaye ya yi ta. Na ɗago daga kan injin buga riga na gan shi a bakin ƙofar shagona, dogo siriri mai tabarau, yana riƙe da kofin shayi kamar ya kamo kayan sata.

"Malam, lafiya? Wace ƙafa?"

Ya shigo ya dire kofin a kan tebur. Nawa ne, ni na buga shi. Zanen zalɓe ne a jiki, yana tsaye a bakin ruwa.

"Wannan zalɓen ƙafa ɗaya gare shi a littafi. A nan na ga biyu."

"To sai me? Littafin ya tsufa, ɗayar ta goge, na mayar masa da abarsa. Ai godiya ya kamata ya yi mini."

"Ba ta goge ba, naɗe ta ya yi a cikinsa. Haka zalɓe yake tsayuwa in yana hutawa." Ya gyara zaman tabarau. "Kuma ta dama kika kwafa kika manna masa a hagu. Yanzu ƙafar dama biyu gare shi."

Na ɗauki kofin na duba. Wallahi da gaskiyarsa. Kunya ta lulluɓe ni, amma ni ba a kayar da ni a cikin shagona.

"Wai kai lauyan tsuntsaye ne?"

"Ke fa? Likitarsu ce?"

Na so in ja tsaki, dariya ta riga shi fitowa. Tun daga ranar sunayen suka bi mu, ni ina ce masa Lauya, shi yana ce mini Likita.

Sana'ata buga zane ce a jikin riguna, kofuna, jakunkuna da marfin waya. Ni dai ban iya zane ba, ko ƙwai na zana sai an tambaye ni mene ne. Abin da nake yi shi ne in nemo zanen tsofaffin littattafai, waɗanda masu su suka rasu tun da daɗewa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, suka zama na kowa da kowa. In wanke su a kwamfuta, in cire tabo da dattin tsufa, in buga in sayar. Furanni, kifaye, jiragen ruwa, tsuntsaye... mutane suna so ba kaɗan ba.

Ashe shi kuma a babban ɗakin karatu yake aiki. Shi ne mai ɗaukar hoton shafukan tsofaffin littattafan yana ɗora su a intanet. Zalɓen nan ma da hannunsa ya buɗe shafinsa.

Kwana biyu sai ga shi ya dawo, wai ya zo duba lafiyar majinyaci. Na nuna masa sabon kofi mai ƙafa ɗaya. Ya juya shi ya sake juyawa, ya biya, ya ƙi tafiya.

Mutum ne mai tambaya kamar ƙaramin yaro. Me ya sa inji yake juya hoto? Me ya sa ja yake dusashewa a baƙar riga? Wa ya fi sayen kifi, maza ko mata? Ni kuma da na saba ɗaukar zane in wuce, sai ya koya mini tsayawa. Ya ce in duba nan, mai zanen ya yi kuskure ya rufe da ganye. In duba can, tawada ta ƙare masa a tsakiyar fiffike ya sake tsomawa.

"Wani ne fa ya zauna ya yi wannan, Likita. Yana da ciwon baya, yana da mai jiransa a gida."

"Kai wa ke jiranka a gida?"

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ita nake nema... amma an ce mini tana aikin dashen ƙafa."

Na jefe shi da tsumman goge inji. Zuciyata kuwa tuni ta gama tafiya, ni ce dai ban sanar da kaina ba.

Da magana ta yi nisa, ya ce yana so ya turo manyansa. Na gaya wa Mama, Mama ta yi murna, ta ce za ta shigar wa Baba da zancen.

Shagon da nake ciki na Baba ne. Mai rubutun allo ne shi, a zamaninsa duk wani mai aski ko tela ko mai gyaran agogo da ke son allon kirki, wurinsa yake zuwa. Sai injuna suka zo suna buga allo a yini guda, aiki ya ja baya. Ana cikin haka hannunsa ya fara rawa. Ranar da ya haƙura, ya yanka ragowar allunansa ya kafa mini kantoci da su, ya kifa fuskarsu ƙasa, ya miƙa mini makulli. Bai sake taka shagon ba. Ni ce autarsa, ni kaɗai na rage a gabansu, kuma na rantse wa kaina ba zan shiga gidan wani ba sai da yardarsa.

Da la'asar ya kira ni falo. Ya rage muryar rediyo.

"Auta, wanne ne? Dillalin matattun nan?"

"Baba, ma'aikacin ɗakin karatu ne..."

"Shi na ce. Ba shi ne yake tono miki su kina mannawa a riga ba?"

"Ba sata ba ce, Baba, doka ta yarda. In mutum ya daɗe da rasuwa..."

"Na ce miki sata ce? Na san dokar. Mutum ya mutu, a ƙirga shekaru, aikinsa ya zama na kowa." Ya ɗora hannunsa na dama a gwiwa, ya danne shi da na hagu don ya daina rawa. "Kin cika shagona da aikin mutanen da ba ki taɓa gani ba, ni mai rai ina zaune a nan. To ki yi haƙuri. Ki jira in mutu, ki ƙirga naki shekarun, sai ki buga nawa a kyauta."

"Haba Baba..."

"Ban yarda ba. Kada ya turo kowa."

Ya ƙara muryar rediyo. Maganar ta soke ni har ƙashi. Ni duk zatona ba ya son inji ya taɓa aikinsa, shi ya sa ko da wasa ban taɓa ɗaga zancen ba. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Mama ta yi iya ƙoƙarinta, Baba ya ce ta fita daga maganar.

Washegari Lauya ya zo shago da fara'arsa. Ban bari ya zauna ba.

"Baba bai yarda ba."

"Me na yi masa?"

"Ba ka yi komai ba. Ni ma ban san wa ya yi ba... Don Allah ka daina zuwa."

"Likita..."

"Kada ka kira ni haka yau, zan yi kuka."

"Ina son ki fa. Ba da wasa na zo ba."

"Na sani. Ni ma ina son ka, har ban san inda zan sa kaina ba. Amma ba zan tsallake mahaifina ba."

Ya cire tabarau zai goge ido, hannunsa ya kuskure, tabarau ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kantar kofuna. Ya durƙusa yana lalube, ya kunna fitilar waya, ya kwanta a ƙasa ya cusa kai. Na ji ya ce ya samu. Amma bai fito ba.

Ina tsaye da hawaye a fuska, mutum rabinsa a ƙarƙashin kanta, ƙafafu a waje. Haushi ya fara kama ni.

"Lauya, rabuwa fa muke yi. Barci ka yi?"

"Wa ya zana wannan?"

"Me?"

"Zo ki gani. Don Allah zo."

Na tattare zanina na durƙusa. A bayan katakon akwai guntun tsohon rubutu da rabin zanen almakashi. A can kusurwa kuma ga wani ɗan tsuntsu shuɗi, bai fi babban yatsa ba, ya ɗaga baki.

"Allon Baba ne. Me ya faru?"

Ya fito ya zauna daɓas a ƙasa, ƙura har a gira.

"Babanki ne mai tsuntsu?"

"Mai me?"

"Tun ina firamare nake bin tsuntsun nan. A hanyar makaranta nakan duba kusurwar kowane allo ina nemansa, har makara nake yi a dake ni. Shi ya fara sa ni son zane. Amma abu ɗaya ya hana ni sakat. A kasuwa hagu yake kallo, a tasha dama, a layinmu har ɗan waiwaye yake yi. Na tambayi masu shagunan, babu wanda ya ma lura akwai tsuntsu. Me ya sa yake juyawa?"

"Oho... Ni yau na fara ganinsa."

Na faɗa, sai na ji kunyar kaina. A shagon nan na yi rarrafe.

"Akwai sauran uku a gari da ba a cire ba," ya ce. "Mu je ki gani. Daga nan in kin ce in tafi, na tafi."

Ya kamata in ce a'a. Amma cutar tambayarsa ta riga ta kama ni. Na rufe shago.

Na farko yana saman shagon wani tsohon mai aski, fenti duk ya ɓare, tsuntsun dai yana nan. Lauya ya tsaya a ƙarƙashinsa ya miƙa hannu inda bakin yake nuni, mutane suna kallonsa kamar sabon mahaukaci. Na biyu a bayan tasha, wurin mai gyaran agogo. Ya sake miƙa hannu.

"Kin gani? Wancan ya nuna gabas, wannan arewa. In kika ja layi daga kowanne, za su haɗu a wajen tsohuwar unguwar bayan asibiti. Me ke can?"

Nan take na gane wurin.

"Gidan kakata. Can Mama ta girma."

Ya buɗe baki bai rufe ba. Muka nufi na uku, wani kantin littattafai, allonsa ya fi sauran sabunta. Ya miƙa hannu, ya yamutsa fuska.

"Wannan ya ɓata lissafi. Ba can yake kallo ba."

Na bi hannunsa da ido, na wuce gada, na wuce gidan mai. Na san abin da ke wajen, don can nake kwana.

Na samu Mama a kicin tana yanka albasa. Ban ko ajiye jaka ba.

"Mama, mene ne labarin tsuntsu?"

Wuƙar ta tsaya.

"Wa ya gaya miki?"

"Na gan shi da idona."

Ta yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce albasa ce ta sa ta hawaye.

"Lokacin da yake nemana ban iya karatu ba. Kullum sai ya cika ni da labarin ya rubuta allon wane, ya rubuta na wane. Na ce masa ni duk rubutu ɗaya ne a wurina, ta yaya zan gane naka? Bayan kwana biyu aka aike ni kasuwa, sai ga ɗan tsuntsu a allon tela yana kallon hanyar gidanmu. Na tsaya ina dariya ni kaɗai har na manta aiken."

"Na kantin littattafai fa? Nan gidan yake kallo."

"To ai an kawo ni nan. Ina kike so ya kalla?" Ta ci gaba da yanka. "Inda nake, nan yake juya shi. Har ya ajiye burushi bai fasa ba."

Na rungume ta ta baya. Ta ce in sake ta kada ta yanke.

Na ba Lauya labari a waya.

"Zan zo wurin Baba," ya ce.

"Ya ce kada ka turo kowa."

"Ba turowa zan yi ba, zuwa zan yi. Ki kwance mini katakon nan."

Ranar da ya zo, ni da Mama muna laɓe a bakin ƙofar falo kamar ɓarayi. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, katakon a jingine da gwiwarsa. Baba ya amsa gaisuwar a daƙile.

"Samari, na riga na ba da amsa."

"Na ji, Baba, kuma ban zo jayayya ba. Wata alfarma ce daban ta kawo ni."

Ya juya katakon. Na ga idon Baba ya sauka a kusurwar nan, ya kasa ɗaukewa.

Lauya ya ba shi labarin hanyar makaranta, da dukan makara, da allo ukun da suka rage. Ya ce a aikinsa ya buɗe littattafai ba iyaka, kullum yana ji da ma zai ga mai zanen ya yi masa tambaya ɗaya tak, amma duk sun riga shi tafiya.

"Yau ne karo na farko da na samu mai zane yana zaune a gabana. Na waɗancan muna ɗauka ne don babu wanda za mu tambaya. Wannan kuwa mai shi yana raye, ba mu da ikon taɓa shi sai ya yarda. Muna so a buga shi da sunanka a ƙasa. In ka ce a'a, za mu mayar da shi inda ka kafa shi."

"Mu? Kai da wa?"

Kafin ya amsa na shigo na durƙusa.

"Da ni, Baba. Ina roƙonka."

Baba ya dube ni. Ya karɓi katakon, ya shafa tsuntsun da yatsa.

"Dukan makara aka yi maka a kansa?"

"Ba sau ɗaya ba, Baba."

"Allah ya ƙara. Yara ana tura su makaranta suna tsayawa kallon allo." Ya yi gyaran murya. "Wannan ya koɗe, ba za a buga shi da sunana ba. Auta, akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona."

Na tashi da gudu har ina tuntuɓe. Burusansa ne a ciki, a naɗe cikin tsumma, a wanke tas kamar jiya aka ajiye. Fentin kuwa ya bushe. Mama ta fito daga maɓoyarta ba kunya, ta kawo ragowar shuɗin da aka shafa wa ƙofar kicin. Baba ya harare ta, ta harare shi.

Ya sa aka ɗora katakon a kan ƙaramin tebur, ya zaɓi inda babu rubutu. Ya tsoma burushi. Hannun yana rawa, fenti ya ɗiga a gefe. Na miƙa hannu zan riƙe masa, ya ce in bari.

Ya ɗaga burushin, sai ya tsaya. Bai dubi kowa ba.

"Kai, mai tabarau. Gidan da kake zaune, ta ina yake daga nan?"

Lauya ya rikice.

"Gidana, Baba? Ta... ta can ne, bayan ɗakin karatu."

Ya nuna wajen taga. Baba ya bi hannun da kallo, ya gyaɗa kai, ya juya katakon kaɗan.

Mama ce ta fara ganewa, ta toshe baki da mayafi. Ni sai da na ga bakin tsuntsun ya fito yana fuskantar taga, sannan na gane. Layin duk ya karkace, fiffike ɗaya ya fi ɗaya, wutsiyar tana rawa kamar hannun da ya yi ta. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba.

"Baba..." Kuka ya hana ni ƙarasawa.

"Ki buga shi tun ina gani," ya ce, yana goge burushi. "Kuma na ji labarin zalɓe a bakin uwarki. Kada ki gyara masa komai."

"Wallahi ko ɗigon nan ba zan cire ba."

Ya juya wajen Lauya, wanda tabarau ya yi masa hazo har ba ya gani.

"Kai kuma ka tashi ka daina jiƙa mini tabarma. Ka ce wa manyanka ina gida."

Ranar da za a buga rigar farko, sai ga Baba a shago da sandarsa, karo na farko tun da ya ba ni makulli. Wai an ce masa inji yana juya hoto, ya zo ya tabbatar ba a juya masa tsuntsu ba. Ya tsaya a kaina har rigar ta fito da zafinta, da ɗigon, da sunansa a ƙasa. Ya duba ya sake dubawa, ya ce ba laifi. Bai ba kowa ita ba, ya naɗe ya saka a hammata.

Katakon kuwa ya hana a mayar shago. Da aka ɗaura mana aure na tare, na zo gaishe su, na tarar ya kafa shi a bangon falo, daidai saitin kujerarsa. Mama ta ce shi ya hau kujera da kansa, ya yi ta gyara masa zama, yana tambayarta ko ya daidaita da bayan ɗakin karatu.